Me ya sa gindin rake ya fi kansa zaƙi?

Rashida: Salamu alaikum jama'ar gida, iyaye da yayye barkanmu da yamma. Dan Allah ina da tambaya, duk mai shan rake ya san gaɓoɓin gindi sun fi na sama zaƙi, to wa zai gaya min dalili? Da gaske nake, ranar Laraba zan tsaya gaban malamai da ɗalibai a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, in yi bayani kan wani masanin tsirrai da ya yi aiki a kan wannan, ina so in fara ji daga bakinku tukuna.

Bashiru: Wslm. Ai gindi shi ya fi kusa da ƙasa, shi ke fara shan abinci kafin ya hau sama

Mma Memuna: A'a ɗana, tsufa ne. Gindi ya girmi kai. Ko raken da bai ƙosa ba in ka sha ruwa ne zalla, sai ya sha iskar hunturu sannan yake yin zaƙi sosai

Rashida: Mma kin fi kusa wallahi. Yaya Bashiru zaƙin ba daga ƙasa yake hawowa ba, daga ganye yake saukowa. Ƙasa ruwa take bayarwa da sinadaran taki, amma sukarin kansa ganye ne ke haɗa shi da hasken rana da ruwa da iskar kabon, sai ya zuba shi cikin jijiyoyi ya bi kara. Gaɓoɓin sama suna kan girma, yunwa gare su, akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin mai rai, da ake kira inbates da yake da yawa a wurin, yana fasa sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, a ƙone su a yi sabon jiki. Gaɓoɓin ƙasa sun gama girma, ba su da abin yi da shi sai ajiya, kamar rumbu. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke ko sanyi ya shigo girma ya tsaya, sai ajiyar ta ƙaru, abin da Mma ta faɗa kenan. Masanin da zan yi bayani a kansa sunansa Marshall Hatch, ɗan Ostareliya, shi da abokan aikinsa suka fitar da takardu a kan yadda rake ke tara sukari a 1963, lokacin yana aiki a ɗakin binciken wani kamfanin sukari a Birisben.

Kawu Sani: Rashida 'yata, Allah ya ba da sa'a ranar Laraba. Amma bari in tambaye ki tsakani da Allah. Uwarki ta san gindin rake ya fi zaƙi, kakarki ta sani, yaron da ke tura baro a Aboabo ya sani. Bature ya je ya rubuta a takarda, yanzu ke kuma an ce ki karanta ki yabe shi. Ni shekara 31 ina sayar da hatsi, ina amfanin wannan a buhun masara?

Rashida: Kawu ai buhun masarar ne ma ya sa na kawo maganar nan, ka ba ni minti kaɗan

Malam Awudu: Alhaji bari in taya ta, don wannan ina koyar da shi a aji kuma duk shekara sai na ji daɗinsa. Abin da ya ɗaga sunan Hatch ba zancen gaɓa ba ne, abin da ya biyo baya ne. Kafin su, wasu mutum uku a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham, sun riga sun bi sawun yadda tsiro ke mayar da iska sukari. Dabararsu ita ce su ba wani gansakuka na ruwa mai suna Kulorela iskar da aka yi wa alama da kabon-14, bayan daƙiƙa kaɗan su juye shi cikin tafasasshen alkohol ya mutu nan take, sai su duba ina alamar ta shiga. Suka ga abu na farko da ke fitowa yana da ƙwayar kabon 3. Calvin ya karɓi kyautar Nobel a 1961 kuma duniya ta ɗauka an gama magana, kowane tsiro haka yake yi. Sai ga rake ya ƙi. In ka yi masa gwajin nan abin da ke fara fitowa mai kabon 4 ne. Hatch da abokinsa Roger Slack suka zauna a kai suka warware hanyar, suka buga a 1966. Shi ne yau ake cewa C4.

Bashiru: Malam 3 da 4 ai ɗaya ne tsakaninsu, shi ne abin hayaniya?

Malam Awudu: Ɗayan nan shi ne bambancin dawa da shinkafa in rana ta buɗe a Boku

Rashida: Yauwa Malam. Kawu ka ga akwai enzayim ɗin da ke kama iskar kabon a ganye, Rubisko sunansa, kowane tsiro da shi yake aiki. Matsalarsa wani lokaci maimakon kabon sai ya cafko oksijin, kuma in zafi ya ƙaru kuskuren ƙaruwa yake, sai tsiron ya ɓata ƙarfinsa wajen gyara ɓarnar har ya yi asarar wani abin da ya riga ya tara. Ga shi in ana zafi ganye yana tsuke ƙofofinsa don kar ruwa ya gudu, iskar kabon ta ƙara ƙaranci a ciki, abin ya haɗu ya yi masa yawa. To rake da masara da dawa da gero sun yi wata dabara, sun raba aikin ɗaki biyu. A ɗakin waje wani enzayim daban ne ke kama kabon, shi ba ruwansa da oksijin, ya ɗaure shi cikin abin nan mai kabon 4, a tura shi ɗakin ciki da ke kewaye da jijiyar ganye, a can a kwance shi a gaban Rubisko. Kamar dai dillalai su tara kaya daga ƙauyuka su jibge wa mutum ɗaya a sito, ba zai zauna hannu rabbana ba. Shi ya sa ko ƙofar ganyen ba ta buɗe sosai ba aiki na tafiya, kuma ruwan da suke kashewa kafin su haɗa abinci kusan rabin na su shinkafa ne. Na yanka ganyen masara da hannuna na duba a maikuroskof, wlh zoben nan yana nan kore shar kewaye da kowace jijiya, ranar na daɗe ban tashi daga kujera ba.

Mma Memuna: Ikon Allah. To wake da gyaɗa fa?

Rashida: Su C3 ne Mma, wato masu hanyar kabon 3 ɗin, da shinkafa da alkama da doya da koko. Amma acca C4 ce, har alefu da kike sawa a miya shi ma C4 ne. A duk tsirrai masu fure na duniya kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ke da wannan hanyar amma su ke yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tsirran doron ƙasa ke haɗawa

Kawu Sani: Na ji kuma na yarda abin mamaki ne. Amma har yanzu tambayata na nan. Kakanninmu sun zaɓi gero da dawa tun ba a haifi kakan Hatch ba. Sun san abin da ke jure fari. Shi ya zo ya ba abin suna.

Mustafa: Slm jama'a, yanzu na taso daga aiki na ga saƙo ya taru. Kawu maganarka akwai gaskiya a ciki kuma ni abin da ke ci min rai a labarin nan ma ya wuce haka. Rashida ki tabbata kin faɗa musu ranar Laraba cewa ba Hatch ne ya fara gani ba. A Hawayi akwai Hugo Kortschak da wata mata Constance Hartt da George Burr, a tashar bincike ta masu noman rake, tun shekarun 1950 suka ga wannan mai kabon 4 ɗin amma cikakkiyar takardarsu ba ta fito ba sai 1965. Sannan a Kazan cikin Tarayyar Sobiyat akwai Yuri Karpilov, shi a masara ya gani, ya buga a 1960 da Rashanci a mujallar makarantar aikin gona ta garinsu, mutanen Yamma ba su san da shi ba sai bayan shekaru. Yau ka tambayi ɗalibi zai ce maka hanyar Hatch da Slack. Ko a wancan na farko ma Benson ya yi aiki kamar me amma Calvin shi kaɗai aka ba Nobel. To in haka ta faru da Barashe mai ɗakin gwaji, ina ga wanda ya yi bincikensa a cibiyoyin binciken noma namu na Nyankpala ko Fumesuwa ya buga a mujallar da ba ta shiga manyan rumbunan intanet ba?

Rashida: Yaya Mustafa suna cikin bayanina dukkansu, Hartt ma na ba ta shafi guda don ta yi shekaru tana bin yadda sukari ke tafiya daga ganyen rake zuwa kara. Amma ban yarda a ce Hatch da Slack suna kawai suka ci ba. Gani daban, warwarewa daban. Waɗancan sun ga baƙon abu, su kuma suka bi shi gaɓa gaɓa, wane ne ke karɓa, wane ne ke miƙawa, suka gwada wasu ciyayi suka ga ba rake kaɗai ba ne, har suka gano sabon enzayim da ke mayar da zagayen farkonsa. Kuma sun ambaci aikin mutanen Hawayi, ba su ɓoye ba

Mustafa: Ban ce sun yi sata ba ƙanwata. Cewa nake ma'aunin da ake auna tasiri da shi yana da son kai. Yanzu in za a ɗauki malami ko a ƙara masa girma sai a buɗe Google Scholar a ga sau nawa aka ambace shi. Lissafin ambaton nan Eugene Garfield ne ya kafa shi a 1964, sannan a 2005 Jorge Hirsch ya kawo wata lamba guda da ake yi wa mutum kuɗin goro da ita. Wanda ya rubuta da Turanci a babbar mujalla shi ake gani, wanda ake gani shi ake ambata, wanda ake ambata shi ake ba kuɗin bincike, ya sake rubutawa. Mai shi ake ƙara wa.

Malam Awudu: Mustafa ka faɗi gaskiya amma kar mu sa yaranmu su karaya. Luis Leloir a Ajantina ya yi aikinsa, ɗakin gwajinsa a Buwenos Aires ba wani kuɗi gare shi ba in ka gwada da na Amurka, shi da mutanensa suka gano yadda jiki ke ɗora sukari a kan wani sinadari kafin ya iya gina wani abu da shi, har suka nuna yadda tsiro ke ƙulla sukarin nan da muke sha da shayi, da ƙwayar alkama suka yi gwajin. 1970 aka ba shi Nobel. Ba a Landan yake ba, ba a Bakli ba.

Fati: Ku yi haƙuri in katse ku, Rashida wannan binciken yana da alaƙa da ciwon sukari? Don mu a asibiti kullum sai mun yi fama da masu cewa ai ni ba na shan sikiri ko a koko, alhali ga dokunu biyu sun tashi da shi

Rashida: Anti Fati ba maganin ciwon suke nema ba amma bayanin ɗaya ne. Sitacin da ke cikin masara da rogo da doya gulukos ne tsiro ya jera ya ɗaure kamar carbi don ajiya, in ya shiga ciki jiki ya tsinke carbin ya koma gulukos. Don harshe bai ji zaƙi ba ba shi ke nuna babu ba

Fati: Carbi. Wannan zan riƙa gaya musu, ngd

Mma Memuna: To ni ga tawa tambayar tunda abin ya zo kan sana'ata. Masarar da aka kawo min daga Ejura da asuba in na gasa ranar mutane har dawowa suke, amma in ta kwana biyu a buhu sai ta zama kamar ba ita ba, ba zaƙi sai gari gari, kuma ba ruɓewa ta yi ba lafiyarta lau. Na ɗauka masu kawowa ne ke haɗa min da tsohuwa har na yi faɗa da wani yaro a kai, Allah ya yafe min

Rashida: Mma wataƙila yaron bai cuce ki ba. Masarar da aka karya tana da rai, tana numfashi tana ƙone sukarinta, sauran kuma tana mayar da shi sitaci don ita a wurinta iri take shiryawa, ga shi an raba ta da ganyen da ke aiko mata sabo. Zafi ke sa abin sauri. In kin bar ta cikin buhun leda a rana ko an danne ta a bayan mota to kafin gobe ta tafi. Ki bar mata ɓawonta, ki baje ta a inuwa inda iska ke shiga, ki yayyafa ruwa a buhun algarara ki rufa, kuma ki sayi wadda za ki iya gamawa. Agade kuma akasin haka yake yi, shi sitacinsa ne ke komawa sukari in yana nuna, shi ya sa mai kelewele ke neman wanda ya yi laushi

Mma Memuna: Allah ya yi miki albarka 'yata. Gobe zan gwada na algararar

Kawu Sani: To kin ga wannan shi ne magana. Wannan na gane amfaninsa, Memuna za ta gwada gobe ta gani da idonta. Amma C4 ɗin daga 1966 zuwa yau me ya sa a tukunya?

Rashida: Kawu ba zan yi maka ƙarya ba, babban abin da ake buri bai iso ba tukuna. Tun 2008 aka fara wani aiki daga cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, da kuɗin gidauniyar Gates, ana so a koya wa shinkafa dabarar masara don ta ƙara yabanya da ƙarancin ruwa da taki. Har yau ba ta zo hannun manomi ba, don ba enzayim kaɗai za a sa mata ba sai an sake ginin ganyen kansa. Abin da ke ba su ƙarfin gwiwa shi ne hanyar nan ta ɓullo a dangin tsirrai daban daban fiye da sau 60. Amma akwai amfanin da ba a gani a buhu kai tsaye. Duk mai lissafin yadda zafin duniya zai taɓa amfanin gona sai ya raba C3 da C4 kafin ya fara, don ba iri ɗaya suke amsa zafi da ƙaruwar kabon ba. Mai fitar da sabon iri ma da wannan ilimin yake tunani. Har masu tono ƙasusuwan mutanen da, daga irin kabon da ke cikin ƙashi suke gane ko gero mutum ya rayu a kai ko alkama, don C4 na barin alamarsa daban. Ko zumar da aka yi wa algus da sukarin rake da wannan alamar ake kama ta.

Bashiru: Kai, wannan na zumar ya kamata a kawo mana shi Kejetiya

Baba Issaka: Assalamu alaikum. Jikana ne ke karanta min yana rubuta min. Ni na ga lokacin da Gana ke yin sukarinta a masana'antun Asutsuware da Komenda, na ga motocin rake da idona ina saurayi. Duk biyun suka mutu. An sake gina ta Komenda aka buɗe a 2016 da bashin Indiya, muka yi murna, sai ga shi babu isasshen raken da za a ba injin. Har yau sukarin da muke sha daga waje ake kawo shi. Abin da na lura a zancenku shi ne mutanen nan da kuke faɗa, na Hawayi da na Ostareliya, masu noman rake da kamfanin sukari ne suka ɗauke su aiki suka ce ku zauna ku gane mana tsiron nan. Ba su ce musu gobe ku kawo riba ba. Mu mun sayi inji ba mu riƙe mai sanin rake ba. Sani, ka bar yarinya ta yi karatunta.

Kawu Sani: Baba ai ban hana ta ba, ni ke biyan kuɗin hostel ma. So nake in ta gama karatun ya dawo gida ya same mu, kar ya tsaya a takardar da ni da Memuna ba za mu taɓa gani ba

Mustafa: Ko ita ma ba kowace takarda take gani ba Kawu, tambaye ta

Rashida: Gaskiya ne. Makon jiya akwai wadda nake nema ido rufe, shafin ya ce sai na biya da dala, in ka juya shi sidi ya kai kuɗin abincina na sati. Sai da na rubuta wa wanda ya yi binciken kai tsaye, Allah ya sa mutumin kirki ne ya turo min. Amma tsofaffin na Hatch da na Kortschak a buɗe suke kyauta, na karanta su da kaina, kuma abin da ya burge ni kayan aikinsu ba su fi ƙarfin abin da za a iya samu yau a jami'o'inmu ba, haƙuri ne da tambaya mai kyau. Shi ya sa ni dai ba rake nake so in yi aiki a kai ba, takanɗa nake so. Dawa ce, C4 ce, tana tara sukari a kara kamar rake amma tana jure inda rake ba zai rayu ba, ga hatsi a kai ga zaƙi a kara ga harawa ta dabbobi. Ina so in auna irin namu na gida in ga wanne ya fi zaƙi, a wane mako zaƙin ke kaiwa ƙarshe, kuma in ƙuduji ya kama ta nawa yake tsotsewa, don shi ma ƙuduji ruwa da abincin da dawa ta haɗa yake sha ta saiwa. Matsalata iri, abin da na samu kala biyu ne kacal.

Baba Issaka: Takanɗa! Rabona da jin sunanta a bakin yaro an daɗe. Muna yara ita muke sha a gona, rake sai mai kuɗi

Mustafa: In kin yi wannan ki rubuta shi da Turanci don su ambace ki, sannan ki yi mana shi da Hausa a murya a turo nan. Kar ki zama Karpilov, kar kuma ki zama wadda Kawu ba zai ji ba

Malam Awudu: Kuma ki rubuta sunan kowane manomi da garinsu a jikin kowane iri da kika karɓa, da sunan da suke kiransa da shi, in takarda ta fito sunansu na ciki

Kawu Sani: Kala biyu kacal? Me ya sa ba ki faɗa min ba tun tuni. Ina da mutane a Boku da Walewale da ke kawo min dawa, akwai wani dattijo ma da har yanzu yake shuka ta a bayan gida don jikoki. Motar Alhamis in ta sauka zan sa a tambayo. Kan nawa kike so na kowane iri, kuma a zangarniya za a kawo ko a sussuke?

Rashida: A zangarniya Kawu dan Allah, kar a haɗa su, kowanne a ɗaure shi daban a rubuta garin. Ko uku uku ma ya isa

Kawu Sani: To. Ki zo shago ranar Asabar bayan azahar, ki taho da abin rubutu.